Gashin Sankarar Nono: Me Ya Sa Wata Mako 3, Wata Mako 5?

Sankarar nono, wadda wasu ke kira ciwon daji na mama, ita ce sankarar da ta fi kama mata a duniya. Idan an gano ta da wuri, tun ƙullutun yana ƙarami, likita yakan yi fiɗa ya cire ƙullutun kaɗai, ya bar nonon. Bayan wurin ya warke sai a tura mace gashi.

Wannan gashi ba na wuta ba ne. Wata babbar na'ura ce take haska nonon da haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Hasken yana kashe ɓurɓushin ciwon da wuƙar likita ba ta samu ba. Mace takan kwanta na 'yan mintoci, ba ta jin zafi a lokacin, sai ta tashi ta tafi. Gobe ta dawo.

To, a wajen dawowar nan wahalar take. A tsohon tsari sai mace ta je gashi sau 25, daga Litinin zuwa Juma'a, har mako 5. Wata ma a ƙara mata 'yan kwanaki a kai. Hasken yana da ma'auni, kamar yadda hatsi yake da mudu. Awo 50 ake ba ta, a rarraba awo 2 kowace rana.

Sai likitoci suka ce, me zai hana a ɗan ƙara awon kowace rana, a rage yawan kwanakin? A jihar Ontariyo ta ƙasar Kanada aka gwada da mata 1,234. Rabi aka yi musu gashi sau 25, rabi sau 16. Aka bi lafiyarsu har shekara 10, aka bayyana sakamako a 2010. A cikin kowace mace 100 da aka yi wa dogon gashi, ciwon ya dawo wa kusan 7 a nonon. A cikin masu gajeren gashi kuwa, wajen 6. Ke nan babu wani bambanci.

A Ingila ma an gwada da mata fiye da 4,000. Can aka ga awo 40 a zuwa 15, wato mako 3, yana aiki daidai da tsohon tsari. Har ma kumburi da ƙanƙancewar nono sun fi sauƙi ga masu mako 3. A 2009 hukumar da ke tsara wa asibitocin Ingila hanyar magani ta ce a riƙa bin mako 3.

Mai karatu zai zaci da jin haka kowa zai karɓa. Ba haka aka yi ba.

A Amurka, wasu likitoci na Jami'ar Fensilbaniya sun duba takardun mata masu inshorar lafiya, suka fitar da rahoto a 2014. Sun ware matan da gajeren gashi ya fi dacewa da su, wato masu shekara 50 zuwa sama. A 2008, wajen 11 cikin 100 ne kawai suka samu. A 2013 suka kai kusan 35 cikin 100. Wato a wancan lokacin mace 2 cikin 3 tana zirga-zirgar mako 5 ko fiye, alhali takwararta ta Ingila ta gama a mako 3.

Abin mamaki ma yana jihar Mishigan. Likita Reshma Jagsi da abokan aikinta sun kwatanta asibitocin jihar a 2014. A wani asibiti, mace 2 cikin 100 ake yi wa gajeren gashi. A wani kuwa, 80 cikin 100. Jiha ɗaya, ciwo iri ɗaya. Ashe ba ciwon ne kaɗai yake yanke yawan kwanakin ba, har da ƙofar da mace ta shiga.

Me ya kawo haka? Akwai tsoro, kuma tsoron yana da tushe. A shekarun baya an taɓa ba mata awo mai yawa a rana ba tare da an rage jimlar yadda ya kamata ba, wasu suka sami lahani a fata da jijiyar hannu. Likitan da ya ga irin wannan ba ya saurin mantawa. Amma sabon tsari ya rage jimlar, daga 50 zuwa 40, kuma nan ne dabarar take. Akwai kuma sabo: likita ya saba da abin da malaminsa ya koya masa.

Sai batun kuɗi, wanda ba a cika son faɗa ba. A Amurka akan biya asibiti gwargwadon yawan zuwan da majiyyaci ya yi. In an rage zuwa, an rage shigar kuɗi. A Ingila da Kanada gwamnati ce ke ɗaukar nauyin magani, layi kuma yana da tsawo, don haka rage kwanaki riba ce ga asibiti. Ba a ce kowane likita kuɗi yake dubawa ba, amma tsarin biya yana jan mutum ko bai lura ba.

A 2018 ƙungiyar likitocin gashi ta Amurka ta ce gajeren tsari ya dace da yawancin mata masu sankarar da ba ta yi nisa ba, ko shekarunsu nawa. Daga nan amfani da shi ya ƙaru sosai. A 2020 kuma Ingila ta sake matsawa gaba: an gwada da mutum 4,110, aka ga awo 26 a zuwa 5, mako 1 tak, bai gaza na mako 3 ba. Annobar korona ta sa asibitocinsu suka karɓe shi da sauri.

Mu a nan, wannan magana ta fi shafarmu. Wuraren gashi kaɗan ne. Akwai a asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato da babban asibitin ƙasa na Abuja. A Nijar sai a 2021 aka fara a Yamai. Matar ƙauye sai ta bar yara da gona, ta nemi masauki da mai jinya. Rage mata mako 2 ba ƙaramin sauƙi ba ne. Kuma a lissafa: zuwa 75 da na'ura za ta yi wa mata 3 a tsohon tsari ya ishi mata 5 a tsarin mako 3.

Sai dai a lura, waɗannan gwaje-gwaje galibi a kan matan da aka gano nasu da wuri aka yi. Wadda ta ji ƙullutu a nono ko a hammata, ko da ba ya ciwo, ta je asibiti kada ta jira. In an ce za a yi mata gashi, ita ko mai gidanta su tambayi likita sau nawa za ta zo, kuma ko gajeren tsari ya dace da ita. Likita ne zai duba girman ciwon da inda ya kai ya yanke. Idan kuma an fara, kada a tsallake rana don an ji sauƙi, domin an lissafa awon ne a jere.