2.4 Ulrike Lohmann da Musabbabin Fari a Ƙasar Haɗeja

Farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984 sun ƙafar da fadamun Haɗeja, suka jefa manoma da masunta da makiyaya cikin ƙunci. A 1975, masani Jule Charney ya danganta irin wannan fari da ƙarewar tsirrai, wadda yawan kiwo ke haddasawa.

Ulrike Lohmann, Bajamushiya ce da ta sami digirin digirgir a Hamburg a 1996, ta zama farfesa a Zurich a 2004. Ita kuwa ta dubi matsalar ne ta fuskar sinadaran da ke cikin iska. A 2002, ita da Leon Rotstayn sun nuna ta lissafin kwamfuta cewa hayaƙin farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka yana sa gizagizai su mayar da hasken rana sama. Wannan ya sanyaya arewacin duniya, sai damina ta ja kudu.

Ke nan, ba makiyayi kaɗai ke da laifi ba. Haka kuma, madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992) sun rage ruwan da ke malalowa fadamun.