Yadda Dokokin Ƙasa Ke Tsara Makomar Sababbin Kamfanonin Fasaha

Duk ɗan kasuwar da ke shirin zuba jari a sabon kamfanin fasahar zamani, ya kamata ya fara nazarin dokokin ƙasar da kamfanin zai yi aiki. Abin da ya faru a Kenya da Nijeriya game da aika kuɗi ta wayar salula ya isa misali.

A shekarar 2007 ne kamfanin Safaricom ya ƙaddamar da M-Pesa a Kenya. A lokacin babu dokar da ta tanadi irin wannan harka, amma Babban Bankin ƙasar bai hana ba, sai ya ƙyale aka fara yana sa ido. Cikin 'yan shekaru manoma da 'yan tireda suka rungumi tsarin, ƙananan kamfanoni a Nairobi kuma suka gina sana'arsu a kansa, har da masu sayar da na'urar hasken rana ana biya kaɗan-kaɗan.

Babban Bankin Nijeriya kuwa ya hana kamfanonin sadarwa jagorantar harkar, ya bar ta a hannun bankuna da wasu masu lasisi. Sai a 2022 MTN da Airtel suka sami cikakken izini. Wannan jinkiri ya cuci mazauna karkara, amma ya bar gurbin da kamfanoni irin su Paystack da Flutterwave suka shiga. A 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 200.

Sai dai da yawa daga cikin irin waɗannan kamfanoni, ko da yake a Legas suke aiki, a jihar Delaware ta Amurka suke yi wa uwar kamfanin rajista. Masu jari na ƙetare ne ke gindaya wannan sharaɗi, domin sun amince da kotun jihar da ta ƙware a shari'ar kamfanoni, kuma sun fi son a ƙididdige hannun jarinsu da dala.

Tunisiya ta kafa dokar tallafa wa sababbin kamfanoni a 2018, Nijeriya ta bi sahu a watan Oktoba na 2022 da alkawarin rangwamen haraji. Mataki ne mai kyau, amma bai kawar da fargabar masu jari ba. Dalar da ake canzawa a kan kimanin naira 460 a hukumance kafin watan Yunin 2023, ta zarce naira 1,500 a watan Fabrairun 2024.