Hutun Iyali: A Sauke Kaya Wuri Ɗaya, a Riƙa Je-ka-ka-dawo

Uwargida, idan dogon hutun makaranta ya zo, maigida ya ce a bana za a fita da yara su ga gari, a kuma sada zumunci, kowa murna yake yi, amma ke ce kika san nauyin da ke ciki. Ke za ki haɗa kaya, ke za ki kwance su, ke za ki nemi ruwan zafin jariri a baƙon wuri, ke ce kuma za ki lallashi yaron da ya ƙi barci don an sauya masa shimfiɗa. Idan aka ce yau a kwana Zariya, gobe Kano, jibi Katsina, to kafin mako ya ƙare an zubar da takalmi a can, an manta magani a nan, ke kuma kin koma gida kina neman hutun hutu.

Akwai dabarar da ta fi wannan sauƙi. A zaɓi gari ɗaya a sauke kaya, kullum a fita da sassafe a ga wuri ɗaya, a dawo kafin magariba a kwana a ɗakin da aka saba. Sai dai dabarar ba ta cin nasara sai an iya zaɓen garin, don haka kada ki bar wa maigida shawarar shi kaɗai.

Da awa ake auna tsakiya

Garin da ya faɗo tsakiyar taswira ba lallai ne ya dace ba. Abin dubawa shi ne inda manyan tituna suka haɗu, da kuma awa nawa za a yi a mota. Ga mai ƙananan yara, duk wurin da ya wuce awa biyu da rabi zuwa uku a tafi, ya fita daga sahun je-ka-ka-dawo, domin zuwa da dawowa sun cinye awa shida, ga tsayawar salla da cin abinci da kai yara bayan gida.

Mu ɗauki Kano misali. Daga cikinta titi ya miƙe kudu zuwa Zariya, kimanin kilomita 150, inda yara za su ga fadar Sarkin Zazzau da harabar Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Ta wannan ɓangaren ne kuma ake ratsewa zuwa madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako. Ta arewa akwai Katsina, kimanin kilomita 170, mai Hasumiyar Gobarau da Gidan Korau. Akwai Daura, ta hanyar Dambatta da Kazaure, inda rijiyar Kusugu take, wadda yaranki suka sha jin labarinta a darasin Bayajida. Ta gabas kuwa, an bi ta Wudil, akwai Dutse mai duwatsu da dabino, da Birnin Kudu mai zanen mutanen da a jikin duwatsu. Duk waɗannan ana iya zuwa a dawo a yini guda.

Yankari fa? Ko da yara sun dame ki da son ganin giwa da wanka a ruwan Wikki, kada ki yarda a sa shi cikin wannan lissafi. Daga Kano zuwa Bauchi kaɗai kusan kilomita 300 ne, daga Bauchi kuma akwai sauran fiye da 100. Wanda ya nufi Yankari, Bauchi ce masaukinsa, ko ya kwana a can cikin gandun.

Lissafin mai

Gaskiya guda ita ce, komawa masauki kullum yana ninka tafiya, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da kilomita ɗaya take ci. Duba Katsina da Daura: tsakaninsu kimanin kilomita 80 ne kawai. Idan aka je kowacce a rana daban daga Kano, za a yi wajen kilomita 600. Idan kuwa aka je Katsina aka kwana ɗaya, aka zagayo ta Daura aka dawo Kano, ba za a kai 400 ba. Saboda haka ku zauna da maigida ku rubuta wuraren da kuke son zuwa. In yawancinsu gefe ɗaya suka taru, a matsar da masaukin can. In biyu ne kawai suke maƙwabtaka, a bar manyan akwatuna a masauki, a ɗauki ƙaramar jaka ta kwana ɗaya.

Unguwa ma abin zaɓe ce

A babban birni kamar Kano, cunkoson motoci zai iya cinye miki awa guda kafin a fita gari. Wanda yawancin tafiyarsa Zariya da Tiga ne, ya nemi masauki wajen Titin Zariya. Wanda ya nufi Katsina da Daura, ya sauka ta ɓangaren Titin Katsina. Idan motar haya za ku riƙa shiga, to kusanci da tashar da ta dace ya fi kyan ɗaki muhimmanci.

Kafin a biya kuɗi, sa maigida ya tambayi abubuwan da maza kan manta: akwai ruwa kullum? Idan an ɗauke wuta, akwai janareta ko sola? Za a bar ki ki dafa wa yara abinci, ki yi wanki ki shanya? Akwai asibiti da kantin magani kusa? Wurin da za ki iya dafa shinkafa da asuba ki zuba a kula ya rage muku kuɗin abincin hanya, ya kuma tsare cikin yara daga ɓaci.

Idan gidan 'yan'uwa za a sauka

Zumunta a ƙafa take, amma ki tuna masu fita da asuba su dawo da yamma a gajiye nauyi ne a kan matar gida. A sanar da su tun da wuri, a faɗi kwana nawa za a yi, a riƙe alkawarin. Ku zo da cefanenku, ki kama mata aikin dare, wata rana kuma ku ɗauki yaranta ku fita tare. Baƙo raɓa ne, kada ki bari a fara ƙirga muku kwanaki.

Hanya da lafiyarta

A 'yan shekarun nan wasu hanyoyin Arewa sun sha fama da 'yan bindiga, kuma yanayin yakan sauya daga wata zuwa wata. Matambayi ba ya ɓata: daren da za a fita, a tambayi direbobin tasha da 'yan'uwan da ke garin da za a je. In an ji ƙishin-ƙishin, a fasa. A nan ma masauki ɗaya ya yi rana, domin fasa tafiya ba ta sa ku asarar kuɗin ɗaki a wani gari. A kafa doka tun daga gida: ana idar da la'asar an kama hanyar dawowa, in wurin da nisa ma tun bayan azahar, ko da ba a gama gani ba. Dogon hutu a damina yake faɗowa, hadarin yamma kuma ba ya sallama.

Kada a fita kullum

Bayan kowace doguwar tafiya a huta kwana ɗaya a cikin gari. Wannan ma dalili ne na zaɓen garin da shi kansa yake da abin kallo. A Kano, ranar hutu sai a leƙa Gidan Makama, ko marinar Ƙofar Mata, ko Kasuwar Kurmi, ko a hau Dala da sanyin safiya, a dawo yara su yi barcin rana, ke ma ki miƙe ƙafa. A mako guda, tafiya uku ta wadatar. Garin da ba a samu zuwa ba, a bar wa hutun baɗi. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.