Aikin Tiyata da Jinyarsa: Tambayoyin da Majinyata Suka Fi Yi

Kalmar tiyata baƙuwa ce a Hausa. An aro ta ne daga kalmar Ingilishi mai nufin ɗakin da ake yi wa marar lafiya aiki, sannan ma'anarta ta faɗaɗa a bakin Hausawa ta koma sunan aikin kansa, har ya zama dole a ce "ɗakin tiyata" idan ɗakin ake nufi. Akwai kuma kalmar gida, wato fiɗa, wadda asalinta ta mahauta ce, daga feɗe dabba bayan an yanka ta. Daga nan ne aka sami "likitan fiɗa". Amma da wuya a ji ɗan'uwan majinyaci ya ce an feɗe wane. Sai ya sakaya, ya ce an yi masa aiki. Wannan sakayawa kaɗai ta isa ta nuna irin fargabar da Bahaushe yake da ita game da al'amarin.

Tun kafin zuwan asibiti Bahaushe ya san taɓa jiki da aska. Wanzami yana yin kaciya da ƙaho da sakiya, maɗori kuma yana ɗora karaya. Abin da bai saba da shi ba shi ne a kwantar da mutum, a gusar masa da hayyaci, a buɗe cikinsa, sannan a ɗinke. Wannan kuwa shi ne mafi yawan aikin likitan tiyata na gama-gari, wanda ke kula da ƙaba da ciwon afendis da toshewar hanji ko hujewarsa da tsakuwar matsarmama da maƙoƙo da basir da ƙari a mama.

"Likita, dole ne sai an yi aikin?"

Wannan ce tambayar farko, kuma amsarta ta danganta da irin cutar. Likitoci sun kasa tiyata gida biyu: ta gaggawa, wadda jinkirta ta na iya jawo asarar rai, da wadda ake sa wa rana a shirya mata a tsanake. Ƙaba ta isa misali, domin tana iya faɗawa kowane ɓangare. Asalinta rauni ne ko ɓula a bangon ciki, inda hanji ke turowa ya yi kumburi a matse-matsi ko a cibiya. Babu ƙwaya ko jiƙo ko ɗamarar da ke toshe wannan ɓula a jikin baligi. Muddin kumburin yana komawa idan mutum ya kwanta, akwai sararin a sa rana. Ranar da ya ƙi komawa, ya yi tauri, ga ciwo ga amai, to mai yiwuwa hanji ya shaƙe, jini ya daina kai masa, kuma cikin sa'o'i kaɗan sai ya fara ruɓewa. Aikin da a da bai fi na sa'a guda ba sai ya koma na yanke wani yanki na hanji.

Haka nan zazzaɓin taifot, wanda yakan huda hanji a mako na biyu ko na uku idan ba a magance shi ba, ya zuba ƙazanta a cikin ciki. Yara ne suka fi shan wannan wahala a ƙasar Hausa, inda tsabtataccen ruwan sha ya yi ƙaranci. Mafi yawan lokutan da mutane suka ce tiyata ta kashe wane, idan aka bi diddigi za a tarar an kwashe kwanaki ana yawo tsakanin kemis da mai magani da neman kuɗi kafin a isa asibiti. Ya kamata a san cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta hana asibitocin Nijeriya ƙin karɓar majinyacin gaggawa bisa kowane dalili, ko da yake abin da ke rubuce daban, abin da ake tararwa a bakin ƙofa daban.

"Zan farka kuwa?"

Kafin tsakiyar ƙarni na 19 ana yi wa mutum aiki ne idonsa biyu, ƙarti na danne da shi, kuma gwanin likita shi ne wanda ya fi sauri. A ranar 16 ga Oktoba, 1846 aka fara gwada maganin sa barci a bainar jama'a a wani asibitin birnin Boston na Amurka. A 1867 kuma Joseph Lister na Birtaniya ya bayyana hanyar kashe ƙwayoyin cuta a miki da kayan aiki. Waɗannan abubuwa biyu su ne suka mayar da tiyata abin da ake shiga da kyakkyawan zaton fitowa.

A yau hanyoyin kashe zafi uku ne. Akwai allurar da ke kashe wurin da za a yanka kawai, kamar idan za a cire ɗan ƙari a fata. Akwai allurar baya, wadda ke kashe jiki daga cibiya zuwa ƙasa, majinyaci yana farke amma ba ya jin zafi. Sai kuma sa barci gaba ɗaya, inda ake zura bututu a maƙogwaro na'ura ta riƙa taimaka wa numfashi. Allurar baya ce mutane suka fi yi wa mummunar fahimta, wai tana shanye ƙafafu. Ana soka ta ne a ƙasa da inda laka ta ƙare, kuma nauyin ƙafafun yakan washe cikin 'yan sa'o'i. Abin da takan bari wani lokaci shi ne ciwon kai na 'yan kwanaki. Duk tsawon aikin akwai ma'aikaci guda da ba shi da wani aiki sai lura da numfashi da bugun zuciya da ƙarfin jini.

Wani babban bincike da aka buga a 2018, wanda ya bi majinyata 11,422 a ƙasashen Afirka 25, ya gano cewa kimanin kashi biyu cikin ɗari ne suka rasu, wato ninkin abin da ake gani a duniya, alhali majinyatan Afirka sun fi ƙuruciya. Abin lura shi ne kusan duk mace-macen sun auku ne a kwanakin da suka biyo bayan aikin, a ɗakin kwanciya, inda ma'aikata suka yi kaɗan ba a lura da taɓarɓarewar jiki da wuri ba. Ke nan ɗan'uwan da ke zaman jinya yana da muhimmanci ƙwarai, domin sau da yawa shi ne zai fara ganin canji ya kira nas.

"Me ya sa aka hana ni ci da sha?"

Idan mutum yana farke, maƙogwaronsa yana tsare huhu daga abin da ke tasowa daga ciki. Maganin barci yana kawar da wannan tsaro. In akwai abinci a ciki, yana iya tasowa ya faɗa huhu ya ƙone shi. Shi ya sa ƙa'idar da aka fi bi ita ce a bar abinci sa'o'i shida kafin aiki, ruwa zalla kuma sa'o'i biyu, in dai likita bai ce a bar shi tun kafin haka ba. Koko da fura da madara duk abinci ne a wannan lissafi. Uwar da ta faki idon nas ta ba ɗanta kunu don tausayi ta jefa shi cikin haɗari, kuma mafi sauƙin abin da zai biyo baya shi ne a ɗage aikin.

Haka kuma ake buƙatar majinyaci ya faɗi duk abin da yake sha, ba tare da jin kunya ba: maganin hawan jini, na ciwon suga, asfirin da sauran masu tsinka jini, jiƙe-jiƙen gargajiya, taba, har da ƙwayoyi irin su tiramadol, domin wanda ya saba da su maganin kashe zafi ba ya kama shi yadda ya kamata. Barin taba ko na mako huɗu kafin aiki yana rage matsalar huhu da ta miki.

Jini da sa hannu

Idan aka ce a kawo masu ba da jini, sau da yawa dangi sukan watse ɗaya bayan ɗaya. Jikin baligi yana ɗauke da jini kimanin lita biyar, abin da ake ɗiba kuma bai kai rabin lita ba. Ruwan jinin yana komawa cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyinsa kuma cikin 'yan makonni. Ba a ɗaura wa majinyaci leda sai an gwada rukuninta, bisa tsarin da Karl Landsteiner ya gano a 1901, an kuma tace ta daga cututtuka irin su ƙanjamau da ciwon hanta. Neman jini kafin aiki tanadi ne kawai, sau tari ma ba a kai ga amfani da shi.

Takardar amincewa kuwa, mutane da yawa sun ɗauka wanke hannu ne likita yake yi idan abu ya ɓaci. Manufarta ita ce ta shaida cewa an yi wa majinyaci bayanin cutarsa da aikin da za a yi da haɗarinsa da abin da zai faru in ba a yi ba, cikin harshen da yake ji. A al'ada miji ko uba ake nema ya sa hannu a madadin mace, kuma shawara da iyali abu ne mai kyau. Amma baligi mai hankali, namiji ko mace, shi ne mai haƙƙin amincewa da abin da za a yi a jikinsa, kuma ba daidai ba ne a bar mace da shaƙaƙƙen hanji ana jiran maigida ya dawo daga fatauci.

"Yaushe zan tashi, me zan ci?"

Bahaushe ya ɗauki jinya a matsayin kwanciya, don haka yakan yi mamaki idan nas ta zo washegarin aiki ta ce, "Baba, a daure a tashi a ɗan taka." Doguwar kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, gudan kuma yana iya ɓallewa ya toshe huhu. Tana kuma tara majina a ƙirji. Tafiya 'yar kaɗan da jan dogon numfashi da yin tari, tare da dafe mikin da matashi, su ne rigakafin waɗannan. Ɗinkin ba zai farke don wannan ba. Ba jarumta ba ce kuma a danne ciwo a ƙi neman magani, domin mai jin zafi ba ya iya tari balle tafiya.

Bayan aikin ciki hanji yakan yi sanyi na ɗan lokaci. Shi ya sa likita yakan tambaya ko an fitar da iska, tambayar da takan sa dattijo ya sunkuyar da kai, musamman a gaban 'ya'ya ko surukai. Amsar tana da amfani, don ita ce shaidar hanji ya farfaɗo. Ana farawa da ruwa, sai koko ko shayi, sai abinci mai laushi, kuma a asibitoci da yawa yanzu ana fara ba da abin sha da wuri fiye da yadda ake yi a da. Akwai camfin da ke cewa ƙwai da nama da madara suna sa miki ya yi mugunya. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo mugunya. Waɗannan abinci kuwa, tare da wake da kifi da ganye, da su jiki yake gina sabuwar tsoka, kuma hana su jinkirta warkewa yake yi.

Miki da komawa aiki

Miki yana son tsabta da bushewa. Ba a shafa masa toka ko man shanu ko garin magani, ba a kuma fasa kafso a barbaɗa masa. Zaren ɗinki iri biyu ne: wanda jiki ke narkarwa da kansa, da wanda ake cirewa. Tun wajen shekara dubu da ta wuce likitan Andalus, Abul Ƙasim Azzahrawi, ya yi bayanin ɗinki da zaren hanjin dabba a littafinsa Attasrif. Na cirewa yakan yi kimanin kwana biyar a fuska, bakwai zuwa goma a ciki, har zuwa mako biyu a ƙafa ko gaɓa.

Haɗewar fata ba ta nufin cikin ya warke. Miki yakan ɗauki wajen wata uku kafin ya sami mafi yawan ƙarfinsa, kuma tabo ba ya kai ƙarfin fatar asali. Saboda haka malamin makaranta ko mai shago yana iya komawa aiki bayan mako biyu da gyaran ƙaba, amma manomi da ɗan dako da matar da ke daka ko jan ruwa a rijiya sukan jira mako huɗu zuwa shida. Aikin da aka yi da na'urar leƙa ciki ta 'yan ƙananan ɓuloli, wadda ta yaɗu tun ƙarshen shekarun 1980, ya fi saurin warkewa, sai dai ba kowane asibiti ke da ita ba. Game da salla, malamai sun yi bayanin sauƙin da aka yi wa marar lafiya na yin ta a zaune ko a kwance, da yin taimama idan ruwa zai cutar.

Bayan an sallami majinyaci akwai alamomin da ba a jira ranar da aka rubuta a kati idan an gan su: zazzaɓi, ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, miki ya yi ja ya kumbura ko ya riƙa fitar da mugunya ko jini, amai ba ƙaƙƙautawa, kumburin ciki tare da rashin fitar iska ko bayan gida, kasa yin fitsari, kumburin ƙafa ɗaya, ko sarƙewar numfashi. Mai ɗayan waɗannan a mayar da shi asibitin da aka yi aikin a ranar, ko da dare ne, a tafi da katinsa da takardar sallama da sauran magungunan da yake sha.