Darasin motsa jiki a firamare: Abin da bincike ya nuna game da yara masu buƙata ta musamman

A makarantun firamare na gwamnati, irin ta unguwar Gabukka da ke cikin garin Gombe, darasin motsa jiki yana cikin manhajar da aka tsara wa kowane ɗalibi. Abin da masana ilimi suka daɗe suna nazari a kai shi ne matsayin yaron da shan-inna ya taɓa wa ƙafa, ko makaho, ko kurma, idan aji ya fita fili.

Ta fuskar doka, maganar a fili take. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin neman ilimi. Haka kuma sashe na 30 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010, ya ambaci haƙƙinsu na shiga wasanni a makaranta.

A shekarar 2007, masana biyu a Amurka, Martin Block da Iva Obrusnikova, sun yi bitar binciken da aka gudanar daga 1995 zuwa 2005. Sun gano cewa yaro mai nakasa yana iya cin moriyar darasin tare da 'yan ajinsu idan ya samu tallafin da ya dace, kuma hakan ba ya rage wa sauran yara komai. Sai dai bitar ta nuna cewa sau da yawa ana barin irin waɗannan yara saniyar ware, malamai da dama kuma na ganin ba su samu isasshen horo ba.

Hanyoyin da masana ke ba da shawara ba su buƙatar kuɗi mai yawa: a rage faɗin fili, a sassauta ƙa'idar wasa, a sa ƙararrawa cikin ƙwallo domin makaho, a yi wa kurma ishara da tuta maimakon usur, a kuma haɗa yaron da abokin da zai riƙa taimaka masa.

Arewa na da nata misalin. A 1988, Misbahu Lawan Didi, ɗan asalin Kano, ya ƙirƙiro ƙwallon guragu, inda 'yan wasa ke zama kan katako mai taya suna buga ƙwallo da hannu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara masu shekara 5 zuwa 17, har da masu nakasa, na buƙatar motsa jiki na kimanin minti 60 a kullum. A Gombe, nauyin shirya malaman da za su cika wannan buƙata ya rataya ne a wuyan Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha da kwalejojin horar da malamai.