Bayani a Kan Kiwon A-kori-kura Mai Turbo a Gwale

Sunan a-kori-kura ginin Hausa ne tsantsa, irin na a-ci-balbal, kuma kurar da ake nufi ita ce wadda ake turawa da hannu a ɗauki kaya. Tun da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a shekarar 1975, ƙirar 404 da 504 su ne suka zama makarantar makanikan Kano. Injinsu ba shi da wuyar sha'ani, ga jimirin wahala. In abu ya karye a ƙera wani, in ya kwance a ɗaure da waya, mota ta tashi. To, da wannan tarbiyya ce makanikai da yawa suka tarbi motocin da ke da turbo, ga shi kuwa halin injin biyu ya sha bamban.

Shi dai turbo wani Basuwizalande ne, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabararsa a 1905. Farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da inji ya fitar shi ke juya ta farko, ita kuwa ta biyun sai ta zuƙo iska ta danna ta cikin inji da ƙarfi. Da iska ta yawaita sai mai ya ƙone da yawa, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Sandan nan yakan yi juyi fiye da 100,000 a minti guda, ba kuwa abin da ke tsakaninsa da ƙarfen da ya kewaye shi sai ɗan siririn baƙin mai. Ba kowace Toyota Hilux ke da shi ba. Mai fetur, mai lita 2.7, ba ta da shi. Masu shan man gas ne ke da shi, kamar mai lita 2.5, da mai lita 2.8 wadda ta fito a 2015.

Aikin da a-kori-kura ke yi a Gwale shi ne ainihin abin da turbo ba ya so. Direba ya taso da gudu ta hanyar Gwarzo da kaya niƙi-niƙi, ya shigo Kabuga, ya kutsa lungu, ya kashe mota nan take. A sa'an nan turbo na da zafi ƙwarai, famfon mai kuwa ya tsaya, sai man da ya saura a jikin sanda ya soye ya zama gawayi, ya toshe 'yar hanyar da mai ke bi. Ba a ganin ɓarnar a ranar. Sai bayan watanni mota ta fara kuka kamar usur, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, sa'an nan a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa neman wani, a biya kuɗin da ya isa juyen mai na shekaru. Maganin kuwa bai fi a bar inji yana silo minti ɗaya ko biyu kafin a kashe shi ba. Haka nan ƙurar hunturu: matatar iska in ta yage, ko aka yi ta kaɗe ta ana mayarwa, rairayi na shiga ya cinye bakin farfela kamar an goga zarto.

Sauye-sauyen da ake yi wa motar su ma abin dubawa ne. Wanda ya fi yawa shi ne ƙarin sifirin a baya, da ɗaga bodi da ƙarafa don a ƙara buhu. Sifirin yana hana mota durƙusawa, amma ba ya ƙara wa birki ƙarfi, ba ya ƙara wa shasi kauri, kuma nauyin da ya ƙaru inji ne ke biyansa da zafi. Akwai kuma al'adar cire makullin ruwan nan da ke tsakanin inji da lagireto, wai don ƙasarmu ƙasar zafi ce. Wannan kuskure ne, domin aikinsa shi ne ya kai inji zafin da ya dace da wuri, ya riƙe shi a nan. In babu shi, inji ya daɗe yana aiki da sanyi da safiyar hunturu, mai ya ƙi ƙonewa sarai, ƙunci ya taru a cikin baƙin man da turbo ke rayuwa da shi.

Mai neman ƙarin ƙarfi kuwa a da famfon mai ake taɓa masa da sukundireba. Injinan yanzu kwamfuta ke auna musu mai, sai an sauya lissafinta. Ana samun ƙarfin, amma hayaƙi na ƙara zafi, kuloci na saurin cinyewa, kuma baƙin hayaƙin da wasu direbobi ke ɗauka alamar ƙarfi ce, man gas ne da aka saya da tsada yake fita bai ƙone ba.