Tabarau na bakin tasha da awon ido na asibiti

Da zarar mutum ya haura shekara 40, sai rubutun waya ya fara dishi-dishi, har sai ya nesanta ta da fuska kafin ya iya karantawa. Girma ne ya zo, ƙwayar ido ta fara tauri. Mai tallar tabarau a bakin tasha zai yi ta miƙo maka ɗaya bayan ɗaya, kana gwadawa a jikin yagen jarida, wanda ya yi maka ka biya. Sau da yawa yana biyan bukata, sai dai wanda ya samu sauƙi ba ya ƙara tuna asibiti, alhali a shekarun nan ne hawan jinin ido, wato gilakoma, ya fi soma ɓarna.

Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa cikin kowane mutum 100 masu shekara 40 zuwa sama, kimanin 4 makafi ne. Yanar ido ce ta fi jawo makantar, kashi 43 cikin 100, sai gilakoma da kusan kashi 17. Yanar ido dai ana cire ta, a sa ƙwayar roba, gani ya dawo. Gilakoma kuwa jijiyar gani take ci, daga gefe, yawanci ba zafi ba ja, kuma abin da ta ci ya tafi ke nan.

Shi ya sa nake ganin karanta allon haruffa daga nisan mita 6 bai isa a kira shi awo ba. Inda suka san aikinsu za a auna ƙarfin ruwan ido, wanda yawanci yake tsakanin 10 da 21. Za a ce ka ɗora haɓa a kan na'ura a haska gaban idon, sannan a ɗiga maganin da ke buɗe shi a leƙa jijiyar da ke can baya. Shagon da ya tsallake wannan ya hau nuna maka firam, ciniki ne a gabansa.

Ma'aikatan ma hawa-hawa ne. Akwai likitan ido mai tiyata, akwai mai awo da rubuta gilashi wanda shi ma yana gano cuta ya tura ka gaba, akwai kuma mai yanka gilashin kawai. Tambayar takardar rajistar mutum ba rashin kunya ba ce. Kaduna na da Cibiyar Ido ta Ƙasa, Kano na da asibitin ido na ECWA tun 1943, da kuma na Makkah, ga sassan ido na asibitocin koyarwa. Duk da haka masu yawo ƙauyuka suna tura yana cikin ido da tsinke ba su rasa kasuwa ba, kuma da yawan idanun da suka taɓa makancewa suke yi. Haka maganin ɗigawa na kemis mai sinadarin siteroyid: yana kashe ƙaiƙayi nan take, amma in an daɗe ana sa shi yana ɗaga ƙarfin ruwan idon.

Mai ciwon suga ya kamata a duba bayan idonsa duk shekara, wanda kuma aka samu gilakoma a danginsa kada ya jira alama. Ranar zuwa a tafi da tsohon gilashi da duk magungunan da ake sha, a kuma nemi ɗan rakiya, domin maganin buɗe ido kan sa gani ya yi hazo na wasu sa'o'i, ba a tuƙa babur a haka.